Jirgi a Kan Rairayi

Tun ranar da aka sauke jirgin a tsakar gidansu da ke unguwar Birni a Damagaram, Raudatu ba ta ƙara cin abinci da daɗi ba. Ɗan kwalekwale ne na roba, ruwan ɗorawa, mai wurin zaman mutum ɗaya, tsawonsa ya ɗara na dogon namiji. A jami'a kayak suke ce masa. Innarta Habiba kuwa da sunan ya ƙi zama a bakinta sai ta raɗa masa "baƙon Raudatu", don ya tare inuwar da take shimfiɗa tabarma, kuma ba ya gaisuwa.

Mushe Kassim, malamin da ke duba memuwar ɗinta, wato rubutun binciken kammala karatu, shi ya ba ta aronsa daga ɗakin ajiyar labo, inda suke gwaje-gwaje. Aikinta a kan ruwan tafkin Gidimuni ne, da ciyawar kacalla da ke cinye shi. Ruwan gefe-gefe ta riga ta ɗiba da ƙafarta. Saura na tsakiya, na ƙarshen rani, kafin ruwan sama na farko ya wanko taki da ƙasar gonaki ya zuba a ciki. In ruwan ya riga ta, sai ta jira wata bazarar, abokan karatunta su karɓi diplom su bar ta. Kwalekwalen masunta ba zai yi ba, domin ba ya ratsa kacalla sai da gora, gora kuwa tana tada laka ta ɓata ruwan da ake son aunawa.

Sharaɗi biyu Mushe ya gindaya mata yana tafe yana latsa waya: kada rana ta dake shi, kada a ja shi a ƙasa. Raudatu ta so ta tambaya, to, daga bakin kwalta zuwa bakin ruwa fa, inda ba komai sai tudun rairayi? Ta tsaya tana jera kalmomin a ranta, tana neman wadda za ta fara da ita ba tare da ta zama kamar musu ba. Kafin ta gama jerawa ya tada moto, wato babur ɗinsa.

Haka take tun tana ƙarama. A aji takan san amsa, ta bari wani ya faɗa, sannan ta gyaɗa kai.

Ta koma ga wayarta. Ashe har da ƴar kurar da aka ƙera musamman don jan irin wannan jirgi, ƙarama, mai taya biyu, ana naɗe ta a riƙe a hannu. Sai dai ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai siraran tayoyi kamar na keke. Akwai mai tayoyi masu tauri da ba a busa musu iska. Akwai mai wasu kumburarru kamar kabewa, waɗanda aka ce su ne na rairayi. A ƙarƙashin kowane hoto mutane suna faɗa da Faransanci. Wannan ya ce kumburarrun suna tafiya a kan rairayi kamar raƙumi, na ƙasansa ya ce nasa sun fashe ranar farko. Raudatu ta tuna ƙayar aduwa da ke zube a hanyar tafki, ta ce to ba su ba. Ta duba masu tauri, aka ce suna nutsewa. Ta duba sirarai, aka ce sun fi kowanne nutsewa. Daga baya ma ta gano duk ɓata ido take yi, domin kowanne ta zaɓa, kafin ya iso Damagaram gero ya yi kai.

Ta kira kawunta Ɗanƙarami, ƙanin Inna, wanda ke noma a wani ƙauye a gefen tafkin.

"Kawu, shariyo nake nema, na jan jirgi."

"Shareti? Ai duk sharetin garin nan suna kan kai taki gona. Ko ta gawa ba za ki samu ba a satin nan."

"Ba shareti ba, Kawu. Shariyo. Ƙarami ne, ba jaki."

"To ai ita ce dai. Ku ƴan lakwal, ƴan boko, kun iya lanƙwasa baki. Shareti ba jaki kuma wa zai ja, ke?"

"I, ni."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce ta zo kawai, ƙarti na nan. Ya kuma ce ta yi sauri, don jiya sun ga walƙiya wajen gabas, kuma tururuwa sun fara kwasar ƙwai.

Washegari ta nufi unguwar Kara-Kara, atalyen Gambo mai walda, wanda ya taɓa yi musu ƙyauren gida. Ta same shi tsugune, baƙin gilashi a goshi, yana gyaran ƙafar gado. Ta gaishe shi, ta tsaya. Sai da ya ɗago karo na biyu ta ce kura take so a yi mata, ta ɗaukar jirgi.

"Jirgi? Na sama?"

"Na ruwa."

"A Damagaram?" Ya juya wajen mai facin taya da ke maƙwabtaka da shi. "Kolo, zo ka ji. Teku ta iso."

Ta miƙa masa wayar. Rana ta haske gilashin wayar, ga tsagar da ya yi tun bara. Gambo ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu, ya ce ya gani, alhali ita ma da ta leƙa fuskarta kawai ta gani. Ya shiga ciki ya fito da tayoyi ya jera a ƙasa: na buruwet, wato baron tura kaya, na moto, da wasu ƙanana masu faɗi da ya ce daga jikin wani tsohon injin wuta ya ciro.

Kolo ya ce na moto, ba tambaya. Taya mai tsayi ita ke tsallake rairayi, shi ya sa shareti ba ta kafewa. Gambo ya ce shareti ba ta kafewa ne don jaki ba shi da bakin ƙorafi, a samo mai faɗi. Kolo ya ce masu faɗin nan gajeru ne, cikin kurar zai riƙa sharar ƙasa. Wani mai jiran a gama masa faci ya sa baki, ya ce shi direba ne, ya yi hanyar Agadas, sirrin rairayi a rage iska ne. Kolo ya ce a rage iskar tayar buruwet ta zame daga ƙarfenta, wa ya ga dama? Kowanne in ya gama sai ya dubi Raudatu, ita kuwa sai ta gyaɗa kai, don kowanne a lokacin da yake magana gaskiyarsa a fili take.

"To, Malama, wanne?" in ji Gambo.

Ta ɗaga yatsa. Yatsan ya tsaya wani wuri tsakanin na buruwet da na injin.

"Madalla. Ni ma shi na gani."

Ba ta san wanda ya gani ba, kuma ta ji nauyin tambaya. Ta dai samu ta faɗi sauran: a yi ta marar nauyi, tayoyin su riƙa cirewa don a ɗora ta a saman mota, a yi mata wurin riƙewa. Da ta faɗi tsawon jirgin sai fuskar Gambo ta saki.

"Haba, da kin faɗi haka tun farko. Mai wannan tsawon na sha yi. Ko kwanan nan kwamitin masallacin unguwar nan sun karɓi ɗaya. Ƙari kaɗan zan yi, in sa mata taya."

Raudatu ta ɗauka benci yake nufi, ko tsani.

Da aka kawo kurar gida, ba ta yi kama da ko ɗaya daga hotunan ba. Dogayen bututun ƙarfe biyu ne, an gitta musu gajeru kamar haƙarƙari, ƙarshensu huɗu sun fito waje an naɗe su da roba don riƙo. An shafe ta da koren fenti. A tsakiya aka sa tayoyin buruwet biyu, kowace da ƙusar da ake zarewa. Raudatu ta tura ta a tsakar gida, ta tafi sumul. Wani sanyi ya ratsa ta.

Inna Habiba ta daɗe tana kallon abin, ta buɗe baki, ta rufe.

Ita ce ta ɗinka wa jirgin riga saboda rana. Da Raudatu ta kawo farin yadi daga kasuwar Dole, Inna ta juya shi a hannu ta ce, "Babu wani launi?"

"Fari ne ke kore zafi, Inna."

"To."

Da safiyar tafiya suka sa masa rigar, suka naɗe shi da tabarmar kaba don kada ƙarfe ya goge shi, suka ɗaure kai da tsakiya da ƙafa. Inna ta ja da baya ta sake kallo. Akwai magana a bakinta, Raudatu ta gani. Amma Inna ba ta faɗin abin da ba shi da daɗi a kan mai shirin tafiya. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta shige ɗaki.

A tasha aka ɗaure jirgin a gefe guda na saman mota, kurar a ɗaya gefen, buhuna a tsakani. Tun daga Mirriya Raudatu take leƙen gabas ta taga. Sama ta yi fari fat, sai can ƙasa-ƙasa wani baƙi siriri kamar an ja kwalli.

Kawu Ɗanƙarami na jiran ta a bakin kwalta da maƙwabtansa uku. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Birni. Aka sa tayoyi, aka ɗora jirgin, aka ɗaure. Raudatu ta goya jakar kwalabenta, ta saƙala matuƙin jirgin a kafaɗa, ta kama hannun kurar da kanta. A kan tsandauri ta bi ta kamar akuyar gida. Kawu ya ce, "Kai! Ashe dai shareti ce ta gaske."

Suna hawa rairayi ta tsaya.

Raudatu ta ja, tayoyin suka shige. Kawu ya tura ta baya, suka ƙara shigewa. Ɗaya ya ce a rage iska, aka rage, tayar hagu ta kwanta ta zame daga ƙarfenta. Ɗaya ya ce da ma a baya aka sa tayoyin ba a tsakiya ba. Ɗaya ya ce da ma na moto ne. Raudatu ta tsaya gumi na bin bayanta, tana tunanin ko na injin ne yatsanta ya nuna. Wata iska mai ɗumi ta taso ta wuce. Baƙin nan na gabas ya yi kauri.

"Ku cire tayoyin nan," in ji Kawu. "Ga hannuwa huɗu, ga mu huɗu. Wanda ya ƙera ta ya san abin da yake yi."

Aka zare ƙusoshi. Suka ɗaga, suka saɓa a kafaɗa, suka miƙe hanya. Raudatu ta ɗauki taya ɗaya a kowane hannu, ga jaka, ga matuƙi yana bugun ƙeyarta, takalmanta suna cika da rairayi mai zafi. Kafin ta hau tudun farko sun ba ta rata.

Hanyar tafki ta gefen masallacin ƙauyen ta bi, kuma daidai lokacin aka sallame azahar. Daga kan tudu Raudatu ta ga mutane suna fitowa suna neman takalma. Ta ga na gaba ya tsaya cak. Ta ga waɗanda ke zaune a gindin bedi sun miƙe tsaye. Wani ya zo da sauri ya sa kafaɗarsa a inda Kawu yake, Kawu ya ja gefe yana murza wuya, ya ɗaga masa hannu alamar godiya, ya ratse ta wani lungu, da alama gida ya nufa ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa. Wani ya karɓi na biyu. Wani ya karɓi na uku. Kowa ya yi ƴan taku sai wani ya karɓe shi, ba mai cewa uffan.

Mutanen kirki, in ji Raudatu a ranta. Ko ba a roƙe su ba.

Sai ta lura sun ƙara sauri. Ta lura kuma duk masallacin ya bi bayansu, kawuna a sunkuye. Ɗaya daga maƙwabtan Kawu, wanda aka turo can baya, yana ɗaga hannu yana son magana, wani dattijo ya daka masa harara ya sa yatsa a baki. Iska ta kawo mata sautin da suke yi ƙasa-ƙasa, kalmar shahada ce. A inda hanya ta rabu, ta dama ta gangara tafki, suka bi ta hagu.

Nan ne ta ga abin da Inna ta gani. Koren ƙarfe mai hannu huɗu, farin ƙyalle yana leƙowa ta bakin tabarma, ɗauri uku. Tayoyin suka faɗi daga hannunta.

Ta sa gudu, in gudu ne abin da ake yi a rairayi. Tana isa gidajen farko mata suka fito daga bayan darni. Suka ga baƙuwa, idanu jajur, numfashi sama-sama. Wata mai jiki ta rungume ta.

"Sannu, ƴar nan, sannu. Sai haƙuri. Mijinki ne?"

"A'a, jirgi…"

"Jirgi ne ya ci shi? Wayyo! Kun ji, hatsarin jirgi ne."

"Na sama?" in ji wata.

"Na ruwa ne," in ji Raudatu, "amma…"

"Na ruwa! Jirgi ya kife da shi!"

Maganar ta tsallake darni ta shiga gida na gaba, ta fito ta na gaba da shi. Ana jan Raudatu zuwa inuwa, ana miƙo mata kwanon ruwa, wata tana ƙoƙarin sauke mata jaka. Kowace kalma ta fara sai wata ta ƙarasa mata ita da abin da ba shi ba. Sai ta ga wata tsohuwa ta fito daga wani gida da muciya a hannu. Tsohuwar ta dubi ayarin da ke nisa, ta dubi baƙuwar, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Isma'ila, ɗana," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Daga Libiya aka kawo shi? Ya ce mini ba zai hau ruwa ba."

Raudatu ta fizge hannunta, ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Gwaggo, ba mutum ba ne. Wallahi ba mutum ba ne. Ban san Isma'ila ba, ban zo da labarin kowa ba. Kwalekwale ne na roba, nawa ne, na naɗe shi don rana."

Ba ta taɓa jin muryarta ta fita haka ba. Tsohuwar ta kafa mata ido, ba ta gane ba tukuna, amma ta fara numfashi. Raudatu ta miƙe ta bi hanyar hagu.

A bakin filin da ke gaban maƙabarta wani tsoho mai sanda ya tare ta.

"Koma, ƴata. Mata ba sa zuwa nan. Ki yi masa addu'a daga gida."

"Baba, ku yi haƙuri," ta ce, ta kewaye shi. Matuƙin da ke kafaɗarta ya kusa tafiya da hularsa.

An riga an ajiye shi a ƙasa, an daidaita shi da alƙibla. Sahu yana haɗuwa. Wasu samari sun wuce ciki da diga da shebur. Ta ji na sahun baya suna raɗa.

"Dogon mutum ne, masha Allah."

"Ga shi ba nauyi. Ka ji yadda yake tafiya a kafaɗa? Wannan ya yi aikin kirki."

"An ce a ruwa ya rasu."

Liman, ɗan siririn dattijo mai farin gemu, ya tsaya gaban tabarmar ya gyara rawani. Ya juyo.

"Namiji ne ko mace?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Na ce namiji ne ko mace? Ina masu gawa? Wa ya kawo?"

Waɗanda suka ɗauko na ƙarshe suka ce sun karɓa ne daga wajen wane. Wane ya ce shi ma karɓa ya yi. Maƙwabtan Kawu uku suna can ƙarshen sahu, kowanne yana kallon yatsun ƙafarsa, yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

"Nawa ne," in ji Raudatu.

Ba wanda ya ji. Ta ɗaga murya.

"Malam, nawa ne!"

Sahu ya juyo gaba ɗaya. Ba ta taɓa ganin idanu da yawa haka a kanta ba. Liman ya sassauta murya.

"Allah ya ba ki haƙuri, ƴata. Bai kamata ki iso nan ba, amma tunda kin iso, namiji ne?"

"Jirgi ne."

"Mun ji. Allah ya sa ya yi shahada. Shi mamacin nake tambaya."

Ta ga magana ba za ta fitar da ita ba. Ta ratsa sahu, maza suna janye riguna, ta durƙusa ta kama ɗaurin kai. Wani ya ce, "Subhanallahi, ku riƙe ta!" Kafin a riƙe ta ta warware, ta ja tabarma, ta yaye farin yadin. Hancin jirgin ya fito, ruwan ɗorawa, yana ƙyalli a rana.

Shirun da aka yi har kukan kurciya ana ji daga cikin maƙabarta.

Cikin wannan shiru Kawu Ɗanƙarami ya iso da gudu, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, ya shiga sahu ya daidaita kafaɗa, ya karkata ga na kusa da shi.

"Wa ya rasu?"

Wani ya fashe da dariya ya toshe baki da hula. Wani ya ja tsaki ya ce shi ya baro shanunsa a rijiya. Wani ya ce wannan wasa da mutuwa ne, a kira maigari. Aka aika a tsayar da masu haƙa. Liman bai yi dariya ba. Ya zagaya abin a hankali, ya ƙwanƙwasa robar da yatsa, ya shafa koren ƙarfen.

"Wa ya ɗora kwalekwale a makara?"

"Ba makara ba ce, Malam. Kura ce. Tayoyinta suna can kan tudu."

"Ƴata, tun ba a haife ki ba nake tsayawa gaban makara. Wannan makara ce. Mai kyau ma."

Raudatu ta dubi abin da ta zaɓa, ko aka zaɓa mata. Sai aka yi tsawa can nesa, doguwa, kamar ana mirgina turmi. Duk suka ɗaga kai. Hadarin ya haɗiye rabin sama, iska ta juya ta zama mai sanyi, tana ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Fuskokin manoman suka canza nan take, har mai shanun.

Ta juya ga liman, ba ta tsaya jera kalmomi ba.

"Malam, ni ɗaliba ce. Ruwan tsakiyar tafki zan ɗiba a auna, a san abin da ke sa kacalla cinye muku shi. In ruwan saman nan ya riga ni, shekarata ta tafi. Na ba ku wahala, na tada hankalin wata tsohuwa, ku yafe mini. Amma ku taimake ni a kai shi bakin ruwa. Ni kaɗai ba zan iya ba."

"Ku ji fa!" in ji mai shanun. "Mu muna roƙon ruwa tun watan jiya, ita tana roƙon ya dakata."

"Ba ta ce kada ya zo ba," in ji liman. "Cewa ta yi a yi sauri." Ya nuna da sandarsa. "Ku cire masa farin nan. Ku sauke shi daga kan makarar. A hannu za ku riƙe shi, ƙasa-ƙasa, kada wanda ya ƙara saɓa shi a kafaɗa a garin nan. Kai kuma Ɗanƙarami, ka wuce gidan su Isma'ila ka yi wa tsohuwa bayani da bakinka."

Aka kwance. Jirgin ya fito tsirara, mutane shida suka kama gefensa. Raudatu ta sunkuya za ta ɗauki kurar, liman ya ɗora mata sanda a kai.

"Wannan kuma a bar ta nan. Tamu ƙafarta ta karye tun bara. Allah ya saka da alheri."

Aka amsa da amin, sahu guda. Ba ta san ko kyauta ta yi ba, ko tara aka ci ta. Ta ce amin ita ma.

Suka gangara tafki kusan a guje, ita a gaba wannan karon, rabin ƙauyen a baya. Dabinai suna kaɗawa, kacalla tana kwanciya tana tashi. Aka sa jirgin a ruwa. Ta ɗaura rigar da ke hana nutsewa a kan hijabinta, ta cusa jakar tsakanin ƙafafunta, ta zauna. Wani ya tambaya ko ta iya, wani ya ce in ta kife dai makara na kusa, aka ce masa ya rufe baki. Aka tura ta.

Tuƙin da ta koya a kogin Yamai lokacin staj, wato koyon aiki, ya dawo mata a hankali. Jirgin ya fara juyawa hagu, ta gyara, ya juya dama, sannan ya miƙe ya shiga wata siririyar hanya tsakanin kacalla. Ganyen suna shafar kafaɗunta. Hayaniyar bakin tafki ta ragu, ta ɓace. Da ta fito fili, ruwan ya yi baƙi kamar saman da ke kansa, ƴan igiyoyi suna marin gefen jirgin.

A tsakiya ta ɗora matuƙin a cinya. Ɗigo na farko ya faɗo mata a bayan hannu, babba, mai sanyi. Ta dube shi. Na biyu ya faɗa a ruwa ya yi zobe. Ta tsaya da kwalba a hannu tana tambayar kanta ko an riga an riga ta ke nan, ko ɗigo ba ya cikin lissafi sai kwararar gonaki ta iso. Mushe bai faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Ta naɗe hannun riga, ta nutsa kwalbar a rufe har ruwa ya kai mata kafaɗa, ta buɗe murfin a can ƙasa inda ɗigo bai kai ba. Ta ji tana cika, tana ɓulɓul a tafin hannunta. Ta rufe a ƙasa, ta fito da ita. Ta ɗauki ta biyu. Tana kan ta ƙarshe sama ta buɗe gaba ɗaya.

Ta zuge jakar, ta rungume ta. Ta cikin ruwan da ke zuba ta hango su a kan tudu, ƙanana, suna tsalle suna ɗaga hannuwa suna ihu. Ba ta iya gane ko murnar ruwa suke yi ba, ko ita suke kira ta dawo. Ta ɗaga matuƙin sama don su san tana nan. Ihun ya ƙaru.